Unguwarmu a Cikin Tagogi

Ranar da ɗana ya dawo daga kwas ɗinsa na mako biyu, ko jaka bai ajiye ba ya tsaya a tsakiyar shagonmu, ya nuna babbar kwamfutar da ke kan tebur da haɓa, ya ce, "Wannan tsohuwar ta gama aiki. Gobe za ta bar shagon nan."

Ni ina bakin ƙofa ina jera katunan da aka yanka a cikin kwali. Aikina ke nan a shagon, don karatuna bai wuce aji shida ba, zane kuwa ko kaza na zana sai an tambaye ni mece ce. Auta, 'yata, ita ce a gaban kwamfutar. Tun rasuwar babansu ita ke riƙe da shagon, ita ke tsara katin gayyata da allon shago da takardun makaranta. Ko juyowa ba ta yi ba.

"Sannu da hanya, Yaya. Matsa, ka tare min haske."

Ya zuge jaka ya zaro wani abu baƙi, shafal, kamar farantin da ake kai wa baƙo ruwa a kai, da wani siririn alƙalami fari.

"Tabilet ke nan. Ƙwararru yanzu ba sa zama a tebur. A mota za ka yi zane, a kan gado za ka yi, kana tafiya za ka yi. Ke kuwa dube ki, wayoyi sun ɗaure ki ta ko'ina kamar akuya a turke."

"Akuyar ce ta biya maka kuɗin kwas," in ji Auta.

Bai ji ba. Ɗana ba ya jin abin da bai yi masa daɗi ba, tun yana ƙarami haka yake. Kalmar nan ta ƙwararru kuwa ya yi ta maimaita ta a unguwa har kafin mako ya zagayo kowa na kiransa Ƙwararre. Shi ya ɗauka yabo ne. Har kati ya buga da sunan.

Abin da ya dame ni shi ne Hajiya Shugaba, mai makarantar da ke bayan layinmu. Shekara goma sha biyar shagonmu ke yi mata aiki: katin sakamako, takardar shaida, kalanda, allon ƙofa. In ta janye, sai dai mu rufe mu koma gida. Ga wani sabon shago da aka buɗe a tsallaken titi, mai fitilu masu kala, kullum maigidansa na kai mata gaisuwa. A daidai lokacin ta gama ginin sabon bene mai hawa uku, tagogi goma sha biyu a gabansa, tana son a zana ginin da yara suna wasa a ƙofarsa, a buga a ƙyallen roba mai tsawon mita takwas, a rataya a katanga ranar buɗewa.

Da ƙafarta ta zo shagon. Rashin sa'a, Auta ta tafi sayen takarda. Ƙwararre ta tarar.

"Ina yarinyar?"

"Ranki ya daɗe, wannan aikin ya fi ƙarfin yara. Ni zan yi."

Ta ɗage tabaranta zuwa goshi ta dube shi, ta duba tebur. "Ina na'urar marigayi?"

"Bola, ranki ya daɗe. Mun shiga zamani."

Ta juyo gare ni. "Kin ji, Maman Auta, ni ba ruwana da abin da za ku yi da shi. In ya yi kyau muna tare. In bai yi ba, tsallaka titi ba wuya gare ni." Ta laluba jaka, ta laluba aljihu. "Ina kuma na ajiye tabarauna?"

Na ce, "Yana goshinki, Hajiya."

Haka take kullum, duk unguwa an sani, ba dai mai dariya a gabanta.

Maganar bola kuwa, da sauran bayani. Gaskiya ne ya cire wa kwamfutar wayoyi, ya kuma yi magana da mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo ya ɗauka. Ni kuma ban iya rabuwa da ita ba. Na tuna yadda babansu yake goge ta da gefen rigarsa. Da ya fita cika baki a layi, muka ɗauke ta ni da Auta a cikin baro, muka kai gida, muka tura ƙarƙashin gadona, na rufa mata tsohon zane. Da ya tambaya na ce, "Na kawar da ita." Ban yi ƙarya ba. Tun daga ranar, in ya fita da safe, sai Auta ta jawo ta, ta zauna a ƙasa a ɗakina ta yi ƙananan ayyukan da ke ciyar da mu, kafin azahar ta mayar.

A gefen tebur ya kawo wata doguwar kujera irin ta kishingiɗa. Ya kwanta a kai, ya ɗora tabilet a ciki, sai hasken ƙofa ya faɗa wa gilashin, ba ya ganin komai sai hancinsa. Ya juya kujerar, ya bai wa ƙofa baya, masu shigowa suka riƙa gaisawa da ƙeyarsa. Kwana biyu ana haka alƙalamin ya daina rubutu.

"Ya lalace?" na tambaya.

"Caji ya ƙare, Umma."

"Alƙalamin ne ake yi wa caji?"

"Ba za ki gane ba."

Ban gane ba kam. Ni a sanina alƙalami in ya ƙi rubutu girgiza shi ake yi.

Aikinsa na farko katin Tela ne, maƙwabcinmu na hannun dama. Ya ce a cikin motar haya zai gama shi don mutane su ga abin da ake kira aiki. Ya gama kuwa. Aka buga guda ɗari biyu, suka fito da wani baƙin layi ya gitta kan keken ɗinkin kamar gashin baki. Ashe tudun hannunsa ne ya goga gilashin lokacin da mota ta faɗa rami, shi kuma bai gani ba, don duk katin a fuskar tabilet bai fi akwatin ashana ba.

Tela ya shigo da katin a hannu, allurai uku a baki. "Ƙwararre, kekena ya balaga ne?"

"Salo ne, Kawu. Inuwa ake ce masa."

"Inuwar me? Ni a ɗaki nake ɗinki."

Mai Inji, wanda ke buga mana manyan ayyuka tun zamanin babansu, dattijo ne mai magana a hankali. Shi ya kira shi gefe ya ce, "Ɗana, marigayi ba ya kawo min aiki sai ya buɗe shi a babban gilashi ya bi shi kusurwa-kusurwa, sannan mu buga ɗan gwaji mu duba. Ka riƙa yin haka."

"Baba, gwaji na masu shakka ne. Ku mutanen da, kun saba tafiyar kunkuru."

Mai Inji ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar.

To, ginin Hajiya dai ya zana shi, kuma ba zan ci amanarsa ba, ya yi kyau. Yaron yana da hannu, hannun babansa ne, kan ne ban san na wa ya ɗauko ba. Da ya zauna wuri ɗaya ya ƙarasa, da yanzu ba ni da labarin bayarwa. Amma ina amfanin tabilet in mutane ba su gan ka da shi ba? Sai ya mayar da shagon Mai Aski ofishinsa.

Abin da ya faru a can daga baya na ji shi, daga bakin mutum uku, kowa da nasa. Mai Aski ya leƙa zanen ya taɓe baki. "Wannan ɗan abin ne zai cika katanga? Tagar ma ba ta kai ƙwayar shinkafa ba."

"Ƙwayar shinkafa? Tsaya ka gani."

Ya ɗora yatsu biyu a kan taga ɗaya ya ware su, ya sake warewa, ya sake, har tagar ta cika gilashin. Ya zaro alƙalami. Cikin minti biyar ga Tela a cikin tagar, allurai cike da baki, tabarau a ƙarshen hanci, yana ɗaga riga mai hannu ɗaya dogo ɗaya gajere. Mai Aski ya yi dariya har ya zabtare wa wanda yake yi wa aski gefen kai. Sannan ya tsorata.

"Goge, kada ya shigo ya gani."

Ƙwararre ya tsuke yatsunsa biyu. Ginin ya dawo, tagar ta koma ƙwayar shinkafa. "Ina yake? Nemo shi."

Mai Aski ya kawo ido har yana taɓa gilashi. Babu Tela, babu alamarsa.

Daɗin tafin da ya sha ne ya kai shi shagon Tela washegari. A can ya buɗe taga ta biyu ya zana Mai Aski, sanƙonsa na walƙiya, yana tallan kwalbar maganin fito da gashi da yake sayarwa. Tela ya kusa haɗiye allura. Rana ta uku ya je wurin Mai Kemis ya nuna masa su biyun, da ya fito kuma ya zana shi kansa Mai Kemis yana barci a kan kanta, baki buɗe, ƙuda na neman hanya. Ya zana Mai Inji a kan kunkuru. Ya zana Auta wayoyi sun naɗe ta. Ya zana direban makaranta da mai wanki da maigidan sabon shago. Kowa a layinmu ya ga na maƙwabcinsa, ba wanda ya san akwai nasa. Kwanakin nan na lura mutane na gaisawa suna danne dariya, na rasa dalili, har na je na duba ko zanena ne ya yage.

Ni kuwa ya nuna min ne ranar da nake masa faɗa ya bar yawo ya gama aikin mutane.

"Umma, kin cika tsoro. Zo ki ga abin dariya."

Ya ware wata taga a hawa na uku. Hajiya Shugaba ce, ba ko tantama. Tabarau ɗaya a goshi, ɗaya a hanci, ɗaya rataye a wuya, ta zazzage jaka tana neman tabarau, baki a buɗe tana kiran maigadi.

Na zauna a kan kwalin katuna.

"Goge. Goge shi yanzu ina kallo."

Ya tsuke yatsu. "Ya tafi."

"Ya tafi ina?"

"Ya shige ciki. Ba a ganinsa."

"Ba a ganinsa, ko babu shi?"

"Duk ɗaya ne, Umma."

"Ni dai in na share ɗaki na tura dattin ƙarƙashin tabarma, yana nan a ɗakin."

Ya yi dariya ya dafa kafaɗata. "Wannan kimiyya ce, ba shara ba ce."

Na samu Auta na faɗa mata. Ta roƙe shi ya tura mata aikin ta duba masa, ya ce ba ya bai wa ɗalibai aikin malamai, kuma ma da me za ta duba, tunda tsohuwarta na bola? Ta buɗe baki za ta faɗa, na taka mata ƙafa. Tsoro nake ya san inda take ya kira mai ƙarafa. Yanzu in na tuna, da na bar ta ta faɗa.

Saura kwana uku Hajiya ta aiko a kai mata ta gani. Na bi shi, don zama ya gagare ni. A bakin ƙofar makaranta ya nuna mata, rana tsaka, gilashin na ƙyalli. Ta kare da hannu, ta runtse ido.

"Ƙarami ne. Ba na ganin komai sosai."

"Ranki ya daɗe, a ƙyalle za ki ga komai. Komai da komai."

Daga nan ya wuce wurin Mai Inji. Dattijon ya sake cewa a buga gwajin yanki ɗaya.

"Baba, ka buga kawai. Kada ka taɓa komai, kada ka kira ni, kada ka gyara min. Duk abin da ka ga ya fito, fasaha ce. In ba ka gane ba, ba laifinka ba ne."

"Ko me na gani?"

"Ko me ka gani."

"To, ka faɗa a gaban mahaifiyarka."

Washegari aka kawo ƙyallen a naɗe, an ɗaure shi tamau da igiya wuri huɗu. Na ce a warware mu duba. Ƙwararre ya ce shagonmu bai kai mita takwas ba, kuma babban aiki ba a buɗe shi sai a gaban manyan mutane. Da kansa ya hau katanga ya ɗaure shi a naɗe, ya haɗa wata igiya da in an ja zai sauko gaba ɗaya.

Ranar buɗewa an kafa rumfa an jera kujeru. Iyayen yara sun cika, 'yan makaranta sun yi layi cikin fararen riguna, ga babban baƙo daga ofishin ilimi. Mutanen layinmu duk sun zo, don Ƙwararre ya bi su shago-shago ya gayyace su. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne Mai Inji. Mutumin nan ba ya zuwa taron kowa. Sai ga shi cikin sabuwar riga, a kujerar gaba, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Na ce wa Auta, "Mu tafi gida."

"Umma, zauna. In ma rushewa za mu yi, gara mu gani da idonmu."

Ba a sa shi a cikin masu jawabi ba, amma ya karɓi lasifika. Ya ɗaga tabilet sama kamar wanda ya ci kofi.

"Jama'a, abin da za ku gani ba a tebur aka yi shi ba. A mota aka yi shi, a shagon aski aka yi shi, a tsaye aka yi shi. Ina roƙonku ku matso kusa. Aikin ƙwararre ba ya tsoron ido."

Babban baƙo ya ja igiya. Ƙyallen ya sauko.

Aka yi tafi, don daga nesa gini ne mai kyau, sama shuɗiya, yara na wasa. Har na fara sauke numfashi. Sai mutane suka matso, kamar yadda ya roƙa.

Tagar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, a jikin katanga ta kai faifan murfin tukunya. Kowace da mutum a ciki yana leƙowa.

Wata yarinya a layin gaba ce ta fara. "Ga mai askin babana."

Tela ya kece da dariya, ya kama hannun Mai Kemis. "Ka ga sanƙon? Na rantse na riga kowa ganin wannan."

"Kawu Tela," in ji Mai Aski a hankali, "duba ta kusa da ita."

Tela ya duba. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Wani daga baya ya ce, "Rigata ce wannan, wallahi. Har yau tana gida, hannu ɗaya ya fi ɗaya."

Mai Kemis yana cikin nuna su biyun da yatsa matarsa ta taɓa shi. "Kai kuma rufe bakin, ga ka can ƙuda na shiga."

"Ni ba na barci a kanta."

"Jiya sau uku na tashe ka."

Maigidan sabon shago, da ya zo don ya ga faɗuwarmu, ya sami kansa a hawa na biyu yana goge wa Hajiya takalmi. Direba ya ce shi hancinsa bai kai haka ba, yara suka ce ya kai. Mai Inji kuwa bai tashi daga kujerarsa ba. Wani ya ce, "Baba, ga ka a kan kunkuru." Ya ce, "Na gani tun shekaranjiya. Ta cikin injina na fito."

Na waiwaya neman ɗana. Yana jikin ƙyallen. Ya ɗora yatsu biyu a kan tagar Tela yana tsukewa, yana sake tsukewa. Allah shi ne shaidata, haka ya yi, a gaban mutum ɗari uku.

Auta ta ce, "Yaya, caji ya ƙare."

Sai dariyar ta ɗauke gaba ɗaya, don Hajiya Shugaba ta taso. Ta tako har gaban katanga, ta ɗaga kai, ta runtse ido.

"Me ake wa dariya? Wace ce waccan a sama?" Ta buɗe jaka ta laluba. Ta laluba aljihu. Ta zazzage jakar a kan tebur. "Maigadi, ina tabarauna?"

Ba wanda ya yi motsi. Babban baƙo ya sa hankici a baki, kafaɗunsa na rawa. Mutum ɗari uku suna duban goshinta, suna duban tagar sama, suna sake duban goshinta. Ni ce dai kullum mai faɗa mata, bakina kuma ya riga ni.

"Yana goshinki, Hajiya."

Ta sauke shi kan hanci. Ta duba. Ta daɗe tana dubawa.

"Kai. Zo nan."

Ya zo, tabilet a bayansa kamar yaron da ya ɓoye abin da ya sata.

"Ranki ya daɗe, kuskuren inji ne. Ƙura ce ta..."

"Ƙura ce ta san ina da tabarau uku?"

"A gaban mahaifiyarsa ya ce kada in taɓa komai," in ji Mai Inji daga kujerarsa.

Hajiya ta juyo gare ni. A lokacin na yi tagumi da hannu biyu, ban ma san na yi ba. Ta dube ni, ta dubi tagar ƙarshe ta hawa na ɗaya, wadda ni ban kai ga gani ba. Na bi idonta. Wata mata ce ta yi tagumi da hannu biyu, goshi a tattare, kwalin katuna a cinya. Har ɗan tabon da ke gefen hancina bai manta ba.

"Ke ma bai bar ki ba," in ji ta.

"Ni na haife shi, Hajiya."

"Maman Auta, shekara goma sha biyar ban taɓa samun ko ɗigo a inda bai dace ba. Marigayi kan sa ni a gaban babban gilashin nan ya ce in duba da kaina. Yanzu kun zubar da na'urar a bola kun kawo min faranti. Me zan zauna in yi da ku?"

Maigidan sabon shago ya matso yana gyara wuyan riga. Na ga shagonmu a rufe, na ga kwado a ƙofarsa. Ban san lokacin da na ce, "Tana ƙarƙashin gadona."

"Wa?"

"Na'urar. Na rufa mata zane. Katunan sakamakon da aka kawo miki makon jiya, a kanta Auta ta yi su, a ƙasa, a ɗakina."

Ƙwararre ya dube ni kamar na ci amanarsa. "Umma, kin ce kin kawar da ita."

"Na kawar da ita daga gabanka."

Hajiya ta nuna Auta. "Gobe na'urar ta koma kan tebur. Aikina a hannun yarinyar nan yake, kuma ba a buga min ko katin gaisuwa sai na zauna na gani da idona." Ta nuna shi. "Kai kuma, tunda ka iya aiki a tsaye, maigadi zai ba ka tsani da fenti. Tagogin ƙyallen nan goma sha biyu, ka shafe su duka. Ka fara da ta sama."

Haka taron ya watse, amma mutanen layinmu ba su tafi ba. Suka jawo kujeru gindin katanga suka zauna. Ya hau tsani da gwangwanin fenti a hannu ɗaya, buroshi a ɗaya, tsanin na rawa. Ba wanda ya tashi ya riƙe masa. Ni na tashi, don ko me ya yi, in ya faɗo ni zan yi jinya.

"Ƙwararre, buroshin yana da caji?" in ji Tela.

"Ware yatsu mana, ko zai fi sauri," in ji Mai Aski.

Ya shafe Hajiya, ya shafe direba, ya sauko hawa na biyu. Fenti ya ɗiga masa a gira. Na ɗauka bakinsa ya mutu ke nan har abada. Wajen taga ta shida sai na ji ya yi gyaran murya.

"Ku ba ku sani ba, a wurin kwas an faɗa mana. Manyan ƙwararru yanzu duk sun koma buroshi. Na'ura ta masu koyo ce. In na gama wannan, Umma, za mu fitar da teburin nan gaba ɗaya, mu sayo tsani namu, dogo."

Na riƙe tsanin da hannu ɗaya. Ɗayan ban san inda ya tafi ba sai da na ga Mai Inji ya dubi tagar ƙarshe, ya dube ni. Ashe na sake yin tagumi.

"Ɗana," ya ce, "wannan ta ƙasan ka bar ta. Ita kaɗai ce ba ka ƙara komai ba."